Takardar da Na Liƙa a Ƙofa

Bari in fara da faɗin laifina kafin wata a cikinku ta rigaye ni a ƙasan rubutun nan, don na san halinku. Ƙarya na yi wa Umma. Ba irin wadda ake shiryawa da baki ba, a'a, irin wadda mutum ke yin shiru ya bar ta tana girma da kanta har ta fi ƙarfinsa.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, a gidanmu Injiniya ake kirana. Umma ce ta laƙaba min tun ina 'yar shekara tara, ranar da na gyara mata rediyo, alhali batir kawai na juya. Sunan ya bi ni makaranta, ya bi ni har kamfanin da nake aiki, na masu rarraba kaya zuwa shaguna. Shekara biyar ke nan ina kula da ɗakin sabarsu, wato manyan kwamfutoci uku da ke riƙe da bayanan kamfanin gaba ɗaya: wace mota ta fita, me ta ɗauka, wane shago ya karɓa. Ɗan tsukukun ɗaki ne mai sanyin tsiya, babu taga, rigar sanyina ruwan toka tana rataye a bayan kujera rani da damina. Na san kukan kowace a cikin ukun nan. In ta tsakiyar ta fara gurnani, tun daga bakin ƙofa na san fankarta ce ta sha ƙura.

Abin da ban yi ba a shekara biyar ɗin nan shi ne koyon sabon abu. Na samu wuri na miƙe ƙafa. Duk imel ɗin da aka turo na horo sai in ce mako mai zuwa. Satifiket ɗina na ƙwarewa, wanda ake sabuntawa duk bayan shekara uku, ya mutu ina kallo, ko a jikina.

Mako shida da suka wuce Manaja ya kira ni ofishinsa. Tun da na ga ya tashi da kansa ya rufe ƙofa na sha jinin jikina.

"Injiniya, zauna. Ƙarshen wata mai zuwa za a rufe ɗakinki."

"Wane ɗakin, ranka ya daɗe?" na ce, kamar ina da goma.

Ya yi min bayani a hankali. Za a kwashe bayanan a mayar kan manyan na'urorin haya da ke can wata uwa duniya, a riƙa sarrafa su ta intanet. Mutum biyu ake buƙata masu sabon satifiket na wannan aikin. Yarinyar da aka ɗauka bara, wadda ni na nuna wa inda ake kunna fitila, ta riga ta yi nata. Saura gurbi ɗaya.

"Ki kawo min naki satifiket ɗin, kada ya wuce Larabar ƙarshen watan," ya ce. "In babu..." Sai ya tsaya yana gyara biro a kan tebur. "Ba ni ke yankewa ba, daga sama ne."

Na koma ɗakina na sa rigar sanyi, amma zufa nake yi.

Daga ranar na duƙufa. Karatu bayan asuba, karatu a cikin mota, karatu lokacin cin abincin rana da cokali a hannu ɗaya. Kwanyar da ta shekara biyar tana hutawa ba ta tashi da sauƙi, ku tambaye ni. Saba'in cikin ɗari ake nema. Gwajin farko da na yi wa kaina arba'in da ɗaya na samu, na rufe kwamfutar na shiga bayi na sha kukana. Daga baya na haura sittin da takwas, na taɓa saba'in da ɗaya, washegari na sake zamowa sittin da shida. Na sa ranar jarrabawa Asabar ta ƙarshe kafin Larabar, ƙarfe goma na safe, a gida, ta intanet. In na faɗi, ko aka soke min, sai bayan kwana goma sha huɗu za a bar ni in sake. Ku lissafa da kanku.

To me ya hana ni gaya wa Umma? Ku zo gidanmu ku zauna minti biyar. Kafin a kawo muku ruwa za ta ce, "Ai wannan da kuke gani, in ba ta je ba kamfanin ba ya motsi." Mai kawo iskar gas ya ji, mai ɗinki ta ji, likitan ƙafarta ya ji. Tun rasuwar Abba, da wannan maganar take ɗaga kai a cikin dangi duk sanda aka fara zancen shekaruna ashirin da tara ba aure. Da wane bakin zan ce mata yarinyar bara ta wuce ni?

Sannan ga Dogo. Haka na ajiye shi a waya, kuma haka zan kira shi a nan. Malamin sakandare ne, mun haɗu ranar da ya kawo laftof ɗinsa da takardun jarrabawar ɗalibai suka ɓace a ciki, idonsa ja wur. Minti goma na ciro masa su daga kwandon sharar kwamfutar. Tun daga nan yake min kallon wadda ta ƙera intanet. Mutum ne mai sanyin hali, in yana dariya sai ya kare baki da bayan hannu, kuma ina sonsa, ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba. Shi ma ban gaya masa ba. Goggonsa ce ta raine shi tun yana goye, kuma ya faɗa min tun farko cewa magabatansa ba za su taka ƙafa gidanmu ba sai ta gan ni ta ce to. Ya ce ba ta da yawan magana. Ƙanwarsa kuwa ce min ta yi, "Anti, kallo ɗaya take wa mutum ta gama karanta shi."

Ran Juma'a da yamma ina dawowa na tarar Umma ta baje min doguwar rigata ruwan zuma a kan gado, mai duwatsu a wuya, da mayafinta, da takalmin nan mai matse min ɗan yatsa.

"Gobe Goggon yaron nan za ta zo, ƙarfe huɗu. Ki goge wannan, kada ki fito min da rigar sanyin nan taki kamar mai jinya."

Ƙarfe huɗu. Na sauke ajiyar zuciya, sha biyu ai na gama.

"Umma, gobe daga goma zuwa sha biyu ina da miting a ɗaki. Don Allah kada a shigo."

"To," ta ce, tana kakkaɓe mayafin.

Ku ba ku san to ɗin Umma ba. Sakatar ɗakina ta shekara biyu da karyewa, makullin kuwa ya bi wata tsohuwar jaka. Umma ba ta ƙwanƙwasa ƙofa a gidanta. Sau nawa ina miting ta shigo da shayi, ta leƙa fuskar kwamfuta ta gaida Manaja, har da tambayarsa ya iyali. Ba a taɓa yin komai ba, dariya kawai ake yi. Amma wannan jarrabawar dokarta daban. Akwai mai gadi a can wata ƙasa yana kallonki ta kamara tun daga farko har ƙarshe. Ba ki tashi, ba ki magana, ba ki kare baki, ba ki kallon gefe. In an ji muryar wani, gargaɗi ɗaya ne. In an sake, ko wani ya shigo cikin hoton, sai a rufe miki nan take.

Da safe na je kicin sau uku da niyyar faɗa mata. Na farko na sha ruwa. Na biyu na tambaye ta ina wuƙa. Na uku na tsaya a bayanta tana yanka kek ɗin baƙuwa tana cewa, "Yau zan ga wadda za ta ce 'yata ba ta kai ba," sai na juya na koma ɗaki.

Tara da rabi na yagi takarda na rubuta da babban biro:

*Umma, ba miting ba ne, jarrabawa ce. In aka shigo ko aka yi magana za a soke, in aka soke na rasa aikina ran Laraba. An kusa sallamata don na tsaya ban ƙara ilimi ba. Na kasa faɗa miki da baki. Ki yafe min.*

Na liƙa ta a ƙofar daga waje da salatif, daidai tsayin idonta. Na ce a raina in ta zo shigowa za ta karanta, in ba ta zo ba in cire abata ba wanda ya sani. Dabara ke nan wai, ta Injiniya guda.

Saƙon Dogo ya shigo: *Barka da safiya Injiniyata. Kin shirya wa Goggo?*

*Ina fama. Zan kashe waya zuwa sha biyu, aiki.*

*Ran Asabar ma? Kamfanin nan su ji tsoron Allah, komai sai ke.*

Na tura masa fuska mai murmushi, na kashe wayar, na cusa ta ƙarƙashin filo.

Mai gadin bai nuna fuskarsa ba, a wani ɗan akwati yake rubuto min. Ya sa na zagaya da kamara kusurwa huɗu, ƙarƙashin tebur, saman durowa. Ya sa na cire kalandar bango da agogon hannuna. Ya ce in nuna kunnuwana, na ɗaga ɗankwali na nuna masa dama da hagu, ina jin kunya kamar a gaban suruki. Tambaya sittin da biyar, awa biyu. A saman kusurwa akwai ɗan hotona ina kallon kaina, ƙofar ɗakin tana bayan kafaɗata ta hagu.

Goman farko sun zo da sauƙi har na fara jin kaina. Daga ta ashirin abin ya fara yin tsauri. Ina ta talatin da takwas, sha ɗaya da minti biyar, wata doguwar tambaya a kan wa ya kamata a ba izinin buɗe wane bayani, sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na ce ta maƙwabta ce. Sai sallama, muryar mace, a hankali, ba gaggawa. Sai muryar Umma ta tashi sama irin yadda take yi wa manyan baƙi.

"Maraba, maraba, lale. Ashe da safe za a yi? A'a wallahi ba komai, ai gida ne. Bismillah, shigo."

Goggo ce. Daga baya na ga saƙon Dogo na goma da kwata, wai Goggo ta samu wanda zai sauke ta da safe, in yi haƙuri. Yana can ƙarƙashin filo yana jirana.

Na karanta tambayar sau huɗu ban fahimci kalma ɗaya ba. Kunnena yana falo. An gaisa, an sake gaisawa, an tambayi hanya, an tambayi ƙafa. Ina addu'a a cikin ciki, don ko leɓe ba a yarda in motsa ba. Sai na ji takalmin robar Umma, fat, fat, fat, yana nufo lungun ɗakina. Na ce yanzu za ta ga takardar. A daidai lokacin ne na tuna abin da kowa a gidan nan ya sani: Umma ba ta karanta ko sunanta sai da tabarau, kuma tabarau ɗin nan kullum nemansa ake.

"Injiniya, ke Injiniya. Ajiye miting ɗin nan ki fito, Goggo ta iso."

Akwatin ya yi ƙyalli. *An ji murya a ɗakinki. Wannan shi ne gargaɗi na farko kuma na ƙarshe.*

Ba halin in ce Umma tsaya. Ba halin in juya. Idona yana kan ɗan hoton nan, ina kallon hannun ƙofar yana sauka a hankali a bayan kafaɗata. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin yatsu huɗu, har na hango gefen zanen Umma. Hawaye ya cika min ido. Shekara biyar, da rigar sanyina, da gurnanin ta tsakiya, da mai kawo gas, duk suka zo min a lokaci guda.

Sai wani hannu ya bayyana a kan na Umma. Siriri, mai zoben azurfa ɗaya. Ya ja ƙofar ta koma ta rufu, ko ƙara ba ta yi ba.

Na ji raɗa, ban ji me aka ce ba. Takalmin roba ya koma falo, fat, fat. Can sai ƙarar jan kujera a kan siminti, aka kawo ta har jikin ƙofata, wani ya zauna. Shiru ya biyo baya, irin wanda ban taɓa ji a gidanmu da rana ba.

Ban san yadda na yi sauran ashirin da bakwai ɗin ba. Na share ido da kafaɗa don kada a ce na kare fuska. Sau biyu na ji takalmin Umma ya doso, sau biyu ya tsaya a tsakiyar hanya ya juya. Saura minti uku na danna gamawa, na runtse ido, na buɗe ɗaya.

Saba'in da biyu.

Kafin in yi hamdala na ga layin da ke ƙasa: saboda gargaɗin da aka yi, sai an duba bidiyon kafin a tabbatar da sakamakon, cikin kwana uku na aiki. Litinin, Talata, Laraba. Ko da zan mutu ba za a ƙara min rana ɗaya ba.

Na miƙe. Sai a lokacin na kalli jikina: tsohuwar rigar barci mai hoton fure da ta koɗe, ɗankwali a karkace, rigar ruwan zuma tana can a rataye ko guga ba ta gani ba. Na buɗe ƙofa a hankali.

Tana zaune a kan kujerar roba, bayanta jingine da bango, 'yar tsohuwa ƙarama cikin farin mayafi, jakarta a kan cinya. Kofin shayi biyu a ƙasa kusa da ƙafarta, ba wanda aka taɓa. Yatsunta suna motsi a kan jakar, duka goman, da sauri, kamar mai buga wani abu. A ƙarƙashin babban yatsanta ga takardata, an ninke ta huɗu.

Na durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Goggo. Sannu da zuwa."

Ta yi min kallon nan da aka ba ni labari. "Kin ci?"

"Na ci, Goggo. Amma sai sun duba, saboda an ji murya."

"Sau ɗaya aka ji. Na ƙirga." Ta nuna kofunan da haɓa. "Na ce wa mahaifiyarki ƙafata ba ta son kujerar falo, kuma kaina ba ya son surutu. Na aike ta shayi ba sukari, da ta kawo na ce na tuna da sukari nake sha. Baiwar Allah, ta yi haƙuri da ni."

Na sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk duniya a rasa wanda zai karanta takardar nan sai ita.

"Shekara goma sha tara ina buga tafireta a ofis," ta ce, tana kallon yatsunta. "Ba a taɓa dawo min da takarda don kuskure ba. Da aka kawo kwamfuta aka ce mu je horo na mako biyu. Ranar farko dangin maigidana suka zo, na zauna na yi musu girki. Rana ta biyu na je, na tarar an wuce ni. Na daki madannin da ƙarfi yadda na saba, wata yarinya ta yi dariya. Ban koma ba. A gida na ce an ɗage horon." Yatsunta suka tsaya cak. "Bayan shekara aka kai tafiretata sito, ni kuma aka ba ni wasiƙa. Wata ce ta buga ta, da kuskure biyu a ciki."

Ban san sanda hawaye ya zubo min ba.

"Na daɗe ina cewa baƙi ne suka jawo min," ta ce. "Ba su ba ne. Da na buɗe baki na ce ban iya ba, a koya min, da an koya min. Ke kin fi ni, kin koma kin zauna. Amma wannan," ta ɗaga takardar, "wannan irin tawa ce. Uwarki tana ɗaki ɗaya da ke kina rubuta mata wasiƙa. Yaron nawa ya sani?"

Na girgiza kai.

"Kullum sai ya cika min kunne, wai kamfani ba ya motsi sai da ke. Na ce to, bari in je in ga wannan da ba ta taɓa tuntuɓe ba, don ni irin su tsoro suke ba ni."

Sai ga takalmin roba, fat, fat. Umma ta ɓullo da faranti a hannu, kuma a kan hancinta, jama'a, ga tabarau. Ashe yana cikin kwandon albasa.

"Au, kin fito? Dubi shigarki don Allah, a gaban baƙuwa." Sai idonta ya sauka a kan ƙofar, inda guntun salatif yake reto, ya dawo kan hannun Goggo. "Wai takardar mece ce wannan ɗin? Ɗazu na gan ta, na ɗauka lambobinki ne na aiki. Me ya sa kike kuka?"

A daidai nan aka yi sallama a tsakar gida. Muryar da zan gane ko cikin kasuwa. Dogo ne, ya zo ɗaukar Goggonsa, har da 'yar dariyarsa yana tambaya ko an gama yi masa hukunci.

Umma ta ajiye farantin a ƙasa, ta miƙa hannu. "Hajiya, ba ni in gani."

Goggo ba ta ba ta ba, ba ta kuma ɓoye ba. Ta riƙe takardar a tsakaninmu, ta juyo ta dube ni, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ga su nan duka biyun, 'yata. In miƙa mata, ko za ki faɗa da bakinki?"

Na kalli Umma, ta cikin gilashin idanunta sun yi manya, tsoro ya fara shigarsu. Na ji takun Dogo ya tsaya a bakin lungun. Na dafa bango na miƙe tsaye, na karɓi takardar daga hannun Goggo, na dunƙule ta a tafina.

"Umma," na ce, "zauna. Ba miting nake yi ba."